Kufai Ba Ya Shuka

Bana ma ruwa ya yi jinkiri. Shamuwa ta zo tuni, ta yi sheƙa a kan kukar bayan masallaci, amma gabas fes take kamar an share. Ni kuwa in bazara ta yi irin wannan tsawo zama ba ya kama ni. In shiga ɗaki, in fito, in leƙa rumbu alhali na san abin da ke ciki, yaran gida na dariya suna cewa tsohuwa ta fara zarya. Jiya jikana Sani ya dawo daga Jibiya yana kumfar baki. Wai ana yanka mazaɓun kansiloli, kuma duk ƙauyukanmu, tun daga bakin gulbi har iyaka, kansila ɗaya za a ba mu, daidai da wata unguwa ta cikin gari da za ka zagaye ta kafin tuwo ya huce. Na ce masa ya zauna ya sha ruwa, wannan rigimar sa'ar uwarsa ce. A bayana take goye lokacin da aka fara ta.

A lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Iyakar nan da yanzu manyan motoci ke layi a kanta, ga kwastan nan ga 'yan duwan, kwastan ƙetare, can, tarin duwatsu ce kawai da ƙarfe a tsakiya, awaki na hawa suna sauka. Mu muna kudu da ita kaɗan, a Tungar Kirya. Sunan ne ɗaya, amma ba gari ba ne. Gidaje ne a warwatse a kan jigawa, kowa a tsakiyar gonarsa, in ka tashi daga gidan farko da hantsi sai azahar ka kai na ƙarshe. Kullum kuma ƙaruwa muke, don mutanen ƙasar Faransa na tsallakowa, suna gudun aikin tilas na Kumandan, Baturen can. Maƙwabcinmu, wanda muke kira Ɗan Tasawa, haka ya zo da iyalinsa, kafaɗarsa duk tabon ɗaukar kaya.

Wani rani, kafin yunwar, labari ya zo cewa Bature na yawo da malamansa suna ƙirga gidaje. Surukina, Baba, shi ne babba a tungar. Gajere ne, ba ya ɗaga murya, amma in ya faɗi magana ta zauna. Ya tara maza ya ce duk wanda aka ƙirga, ko dai a tatse shi ko a ɗebe shi, don haka kada a ƙirga mu. Dabarar da ya kawo ita ce a sauke jinka. Ɗakunanmu na kara ne, maza kaɗan sun isa su ɗaga jinkar ɗaki ɗungurungum. Aka bi gida-gida ana saukewa, aka kai cikin kwazazzabo aka rufe da ƙaya. Muka watsa tokar murhu, muka kora awaki da yara cikin kurmi, aka bar tsofaffi kaɗan a bukkoki. Bature ya iso da tsakar rana a kan doki, fuskarsa ja wur, ya duba daga ƙarƙashin malafarsa, ya sa aka tambayi Baba ina mutanen.

“Kufai ne, ranka shi daɗe,” in ji Baba. “Sun watse.”

Bai ko sauka ba. Aka ɗauke mu a matsayin 'yan bukkokin gona, aka jingina mu ga Magaji, dagacin Gawo, wani ɗan ƙauye a bakin gulbi da bai kai rabin rabinmu ba. Da yamma muka mayar da jinka. Mun yi wata muna dariyar wannan abu, kuma ni na fi kowa. Auta, ƙanen maigidana, wanda a lokacin ya isa aure har an fara yi masa magana, sai ya kife turmi ya hau, ya ɗora faifai a ka, yana zare ido yana cewa “ina mutane, ina mutane,” har Baba da kansa ya juya baya don kada a ga haƙoransa.

Daminar da ta biyo, ruwa ya ɗauke gero na da ciki. Muka zuba ido zangarniya ta fito fara, ba ƙwaya. Abin da muka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba.

Bazarar shekarar ita ce ba na mantawa. Da asuba muke tashi, ni da matan tunga, tulu a ka, goyo a baya, mu nufi gulbi. Ba ruwa a cikinsa, yashi ne fari. Sai mu tona har hannu ya nutse zuwa kafaɗa, mu zauna muna jiran ruwa ya tsattsafo, mu riƙa kwarfa da ɗan ƙoƙo. Kafin mu juyo ƙasa ta ɗau zafi, kana gudu daga inuwar wannan itace zuwa ta wancan. Daga nan sai neman anza, 'ya'yan wani itacen daji. Ɗacinta na kashewa in ba a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa ba, ga shi ruwan ma sai an wahala. Muka karkaɗe ƙarangiya, ƙayarta na shiga ƙarƙashin farce, don 'yar ƙwayar da ke ciki. Muka tona gidan tururuwa muka ƙwace abin da ta tara, muna sheƙe ƙasa muna ba ta haƙuri. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, da la'asar. Nonona ya ja baya, yarinyar ta tsotsa ta saki ta yi kuka, daga baya ma kukan ya zama ɗan nishi. Ba na iya zama. In na zauna sai in ji nishin sosai, don haka nake ta yawo da ita a tsakar gida, daga inuwar rumbu zuwa bakin danga.

A saman rumbu akwai damin iri, zangarniyar da ake zaɓa a ajiye don shuka, wadda ko ɓarawo yana jin kunyar taɓawa. Baba ya hana ko a kalle shi. Ranar da jikarsa ta kasa ɗaga kai, shi da kansa ya hau, ya kwance, ya miƙo mini. Na daka, na dama kunu. Gidaje da yawa haka suka yi, wasu tun kafin mu.

Ana nan sai muka ji hakimin Jibiya zai buɗe rumbunan zakka ya raba iri. Yadda ake yi, dagatai ne ke taruwa a ƙofarsa, kowa a kan buzunsa, kowa baki ɗaya, a ba kowa gwargwadon abin da aka sani na ƙasarsa. Na wajen Riko da Daddara suka koma da jakunansu. Magaji ma ya dawo da nasa, ya raba wa mutanen Gawo, mu kuma ya aiko mana da ɗan abin da ke gindin taiki, rabon tsofaffin da Bature ya gani.

Baba da maigidana suka tafi wurinsa. Mu muna tonon ruwa a yashi kusa da inuwar da yake zama, don haka a kunnena aka yi. Magaji ba mugun mutum ba ne, matsoraci ne kawai, kuma tun da aka ba shi mu bai taɓa taka ƙarshen tungarmu ba, ya ce nisa. Maigidana ya gaya masa gidajen da suka cinye irinsu. Magaji ya riƙa murza gemu.

“To ni mi zan ce?” ya ce. “Ku kunka ce kufai ne, ni kuwa na shaida. In na koma yau na ce akwai mutane, rawanin nan nawa a wuyana za a naɗe shi. Ku yi haƙuri, Baba. Kufai ba ya shuka.”

Baba ya tashi ya kaɗe rigarsa. A hanya maigidana ya ce a je a faɗa wa hakimi gaskiya. Baba ya ce a'a. Ya ce yunwa baƙuwa ce, tana tafiya, amma wanda ya shiga idon Bature ya shiga ke nan, shi da jikokinsa. Suka yi kwanaki suna wannan, a inuwar rumbu, ƙasa-ƙasa. Ni ina jin su ina daka anza, ina ji kamar in jefar da taɓarya.

Hadari ya yi ta yi mana wasa. Ya haɗu baƙi ƙirin a gabas, mu kwashe shanya, iska ta zo ta watsa shi, a bar mu da gumi. Sai wata rana da azahar ya sauko da gaske, kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fita tsirara suna ihu. Da ya ɗauke, ƙanshin ƙasa ya tashi, ƙanshin da kowace shekara yake sa ni murna, ran nan kuwa haushi ya ba ni har na ji hawaye. Washegari da muka je gulbi, ga mutanen Gawo a gonakinsu, maza na sara da sungumi, mata na bi suna jefa iri suna rufewa da diddige. Mazanmu kuwa suna tsaye a bakin gona, ga sungumi a hannu, ga ƙasa a jiƙe, ba abin zubawa. Kowa ya san laimar ruwan farko ba ta jira.

A zamaninmu mace ba ta magana a gaban surukinta, ko haɗa hanya ba a yi. Na dawo na sauke tulu, na same su a inuwar rumbu suna maganar da suka saba. Ban san lokacin da na kwance goyo na ajiye ta a kan tabarma tsakaninsu ba.

“Ga ta nan,” na ce. “Ku ɓoye ta a kwazazzabo ita ma.”

Maigidana ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Baba ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana kallon yarinyar, sannan ya ce, “Ni dai ƙafata ba ta zuwa.” Bai ce kada a je ba, kuma maigidana ya gane.

Ya wuni yana zagaya tungar, shi da Auta, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Abin da suke faɗa wa kowane maigida ɗaya ne: gobe ka fito da sungumin gidanka. Wasu suka yarda nan take, wasu sai da matansu suka yi musu irin abin da na yi. Ɗan Tasawa ya ce shi in aka gan shi mayar da shi za a yi, ya rantse ba ya zuwa. Da safe muna tafe sai ga shi a can baya, ya naɗe fuska da rawani har ido, sungumi a kafaɗar nan mai tabo. Auta ne ya ɗauko na Baba. Mu mata muka bi su da ƙorai babu komai a ciki.

Muka isa Jibiya rana ta take. Ba wanda ya yi hayaniya, yunwa ma ba ta bar mana ƙarfin yi ba. Kowane maigida ya je gaban ƙofar hakimi ya kafa sunguminsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya koma ya zauna. Ɗaya bayan ɗaya, har filin ya cika da sanduna a tsaye, dogarai suka rasa ta inda za su bi. Mutanen gari suka fito kallo. Aka aika aka kira Magaji, ya zo yana sharce gumi, ya shimfiɗa buzunsa guda a gefen wannan dajin itace, ya zauna.

Hakimi ya fito, dattijo ne mai nauyin jiki. Ya tsaya ya bi sungumin da kallo tun daga wannan gefe har wancan.

“Su wane ne waɗannan?”

Maigidana ya durƙusa. “Ranka shi daɗe, mu ne kufan Tungar Kirya. Kowane sungumi gida ne. Mun ɓuya, kuma ɓuyan ta ci mu. Ruwa ya sauka, ba mu da iri.”

Hakimi ya dubi Magaji, Magaji ya dubi ƙasa. Na zaci za a ɗaure wani. Sai hakimi ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, wannan jama'a ta fi ƙarfin buzu ɗaya, balle buzun da ke can bakin gulbi. Ya ce zai ba mu iri, kuma zai yanke mu daga Gawo, mu sami namu mai unguwa da zai riƙa zama a nan da bakinsa.

“Amma ku ji,” ya ce. “Abin da idona ya gani, kunnen Bature sai ya ji. Kun san wannan?”

Maigidana ya waiga. Ba wanda ya tashi, ba wanda ya cire sunguminsa.

“Mun sani,” ya ce.

“To kai da ka iya magana, kai ne mai unguwar.”

Ran nan ƙoranmu suka koma da nauyi. Ina tafe ina jin ƙamshin geron a kaina, cikina na kuka, amma ko ƙwaya ɗaya ban jefa a baki ba, kuma ban ga wadda ta jefa ba. Washegari tun kafin rana ta fito muna gona. Laimar ta fara ja, sai an sara da zurfi. Maigidana na gaba yana sara, ina biye ina jefawa ina takewa, Auta a layin kusa yana waƙar banza don ya ba ni dariya. Baba ya fito ya karɓi sunguminsa ya yi nasa layin, bai tambayi yadda aka yi a Jibiya ba.

Wanda bai yi noma da yunwa ba bai san yunwa ba. Ta damina ta fi ta bazara, don ga aiki. Maza su nome kunya ɗaya su zauna, su ga duhu-duhu. Amma tafasa ta fito, lalo ya fito, muka yi ta kwaɗo ba ƙuli, nono ya dawo mini kaɗan-kaɗan. Ruwa bai yi mana gardama ba a shekarar. Ranar da aka gasa tumun farko, na murza a tafin hannu na hure na tauna na sa wa yarinyar a baki, ta kama yatsana da dasashi ta ƙi saki. Muka girbe, rumbuna suka cika, matan tunga in mun haɗu a gulbi sai su ce ga matar Mai Unguwa, ga mai bakin da ya ci da mu. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin wannan.

Shi ya sa na ce wa Sani ya je ya yi rigimarsa, gaskiyarsa ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutumin da bai taɓa taka ƙauyenka ba ba zai roƙa maka komai ba. Su yanzu takarda za su kai, ba wanda zai ɗebe su don sun ce ga mu. Da za a mayar da ni ranar, zan sake ajiye yarinyar a kan tabarmar. Amma daɗin da na ji bai kai ƙarshen rani ba.

Bayan an gama kai amfanin gona gida, dogari ya zo. Ana neman maza don aikin hanya da ɗaukar kaya can kudu, kowace ƙasa gwargwadon yawanta, kuma yanzu an san yawanmu. Mai unguwa ne zai fitar da su. Maigidana ya daina cin abinci. Ya fita ya dawo, ya ɗauki rawani ya ajiye, ya kama hanyar wani gida ya juyo daga rabi. Duk mutumin da zai nuna, a bayan maigidana ya kafa sungumi. Maza suka fara kauce masa a hanya. A gulbi in na iso sai hira ta mutu. Ɗan Tasawa bai jira ba, wata safiya muka ga gidansa a buɗe, ya kwashe iyalinsa, har yau ban san inda ya nufa ba.

Ana gobe dogari zai dawo, da hantsi, Baba ya kira shi inuwar rumbu. Ina tankaɗe a kusa, ban matsa ba.

“Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka,” in ji Baba. “Kada ka shiga gidan kowa sai ka fara da wanga. Da bakin gidan nan anka yi magana.”

Maigidana ya ce shi zai tafi da kansa. Baba ya ce ba a ɗaukar mai unguwa, ya sani, kada ya mai da shi yaro. Sannan ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba, ya kira Auta.

Auta ya zo yana goge hannu, ya ji, ya yi 'yar dariya ya ce to ai dama yana son ganin inda Turawa ke kwana. Da aka ji an fara da gidanmu, sauran gidajen ba su yi gardama ba. Na daka masa gumba da sabon gero, na cika masa jaka har ya ce ko so nake jakin ya zama shi. Ya ce in gaya wa yarinyar da ake masa magana kada ta yarda da kowa kafin shuka.

Suka tafi. Rani ya wuce, bazara ta shigo, muka gyara gonaki. Sai bayan ruwan farko aka ce ga su nan tafe. Duk tungar ta fita bakin hanya, Baba a gaba da sandarsa, maigidana a gefensa da rawaninsa. Suka riƙa isowa ɗaya-ɗaya, a rame, ƙafafu a fashe, mata na guɗa suna kama nasu. Baba bai kalli fuskar kowa ba, bayansu yake dubawa. Na ƙarshe ya iso, ya tsaya a gabansa, ya durƙusa. Ya ce zazzaɓi ne ya kama Auta, kwana kaɗan, sun yi masa sutura a bakin hanyar da suke yi.

Baba ya ci gaba da kallon hanya, ba kowa a kanta. Sannan ya juya ga ɗansa, kuma bai kira shi da sunan da ya saba kiransa ba.

“Mai Unguwa,” ya ce, “tun da yanzu ana ƙirga mu, in ka je ƙofar hakimi ka ce musu su rage mutum ɗaya.”